Makero ko Ciwon Yanyawa? Bayani a kan Zubewar Gashi Kwabo-Kwabo, da Misali daga Ƙasar Kuki

Wanzami shi ne ya kan fara ganin abin. Mutum ya zauna a gabansa ran Jumma'a da safe don ya yi aski kafin a tafi masallaci, wanzami ya jiƙa kai ya ɗora aska, sai ya tarad da wani fili a ƙeya ko a bayan kunne, kewayayye kamar kwabo, sumul, babu gashi ko ɗaya, ba kuwa askarsa ce ta share shi ba. Mai kan bai san da shi ba, domin ba ya ciwo, sau da yawa kuma ko ƙaiƙayi ba ya yi. In mace ce, makitsiya ce za ta gani sa'ad da ta ke tsaga. To, daga wannan rana sai neman magani ya tashi, wani ya gama shi cikin wata uku, wani kuwa ya shekara goma yana yi.

Nufinmu a wannan takarda shi ne mu bayyana wannan ciwo, wanda likitoci su ke kira alofeshiya ariyata, mu kuma nuna cewa rabin wahalar masu fama da shi a ƙasar Hausa daga suna ta ke tasowa. Akwai ciwo biyu masu kama da juna a ido, amma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan aiki, har ma wani lokaci ya kan ƙara shi. Sunan da aka fara kiran tabon da shi, shi ne ya kan zaɓa wa mutum hanyar da zai bi. Mun ɗauki Kuki misali, watau garin nan na ƙaramar hukumar Dutsin-Ma a tsakiyar Jihar Katsina. Dalili kuwa shi ne zaman da a ke yi a can irin zaman mafi yawan Hausawa ne: manoma da makiyaya, wanzami da mai kemis suna kusa, likitan fata yana nesa.

Kalmomin da Hausa ta ke da su

Hausa ba ta rasa kalmomin rashin gashi ba. Akwai sanƙo, watau ƙarewar gashi sannu a hankali daga goshi ko daga tsakar kai, wanda ya ke samun maza in sun fara manyanta, ya kuma bi jini. Ba a ɗaukarsa ciwo, abin barkwanci ne tsakanin jika da kakansa. Akwai makero, tabon da ya ke fitowa a kan yara, mai ɓarɓashi fari-fari kamar an barbaɗa toka, mai ƙaiƙayi, wanda kowa ya san ɗaukarsa a ke yi. Akwai amosani, wanda ya ke sa kai ya yi ta zubad da ɓawo. Mata kuma sun san zubewar gashi ta lokacin jego, da kuma cinyewar gaban goshi wadda kitso mai tsauri ya ke kawowa.

Amma shi wannan tabo da mu ke magana a kansa ya faɗa tsakani. Ba sannu ya ke zuwa ba balle a ce sanƙo, ba shi da ɓarɓashi balle a ce makero, ga shi yana kama babba da yaro, namiji da mace. Sabo da haka in ya fito ga yaro sai a ce makero ne, in ya fito ga magidanci sai a ce sanƙo ne ya zo da wuri. In kuwa ya zo farat ɗaya, a kwanta da gashi a tashi a ga fili, sai zance ya koma ga iska ko sammu. Ba abin mamaki ba ne, gama an daɗe a ƙasar Hausa ana jin tsoron kada gashin mutum ya faɗa hannun maƙiyi, shi ya sa waɗansu su kan tattara gashin askinsu su binne. Ba mu kaɗai ba ne muka yi irin wannan zato. Mutanen Sin ma askin fatalwa su ke ce masa a bakin talakawansu.

Sunansa a littattafan magabata

Ciwon tsoho ne ƙwarai. Selsus, wani marubuci na birnin Rum a ƙarni na farko na Miladiyya, ya siffanta shi iri biyu: mai fitowa kewayayye, da mai bin gefen kai daga ƙeya zuwa kunnuwa kamar tafiyar maciji. Kalmar alofeshiya daga Girkanci ta ke, asalinta kuwa sunan yanyawa ne, domin an lura dabbar nan gashinta ya kan zube wuri-wuri in cutar fata ta kama ta. Da Larabawa suka fassara littattafan likitancin Girka sai suka ɗauko ma'anar yadda ta ke, suka kira na farko da'us sa'alab, watau ciwon yanyawa, na biyu kuma da'ul hayya, watau ciwon maciji. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi magana a kan su biyun a cikin littafinsa Alƙanun. Cikakken sunan da likitoci su ke amfani da shi yau kuwa, wani likitan Faransa ne mai suna Sauvages ya raɗa shi a shekarun 1760.

Abin lura shi ne, rikitar da ta ke samun mutanen Kuki yau ta taɓa samun manyan likitocin Turai. A 1843 wani likita a birnin Paris mai suna David Gruby ya duba gashin waɗansu masu tabo a kai da madubin ƙara girma, ya ga ƙwayar cuta dangin fumfuna. Abin da ya gani ƙwayar makero ce, amma sabo da sunayen cututtukan biyu a cuɗe su ke a lokacin, sai aka daɗe ana zaton ciwon yanyawa ma ƙwaya ce ta ke kawo shi, ana kuma ɗaukarsa. Sai da aka yi shekaru masu yawa sa'an nan aka tabbata kama da wane ba wane ba ne.

Yadda ciwon ya ke aukuwa

A kan mutum akwai gashi kimanin 100,000, ko wane ɗaya da saiwarsa a cikin ɗan rami a fata. Gashi ya kan yi shekaru yana tsawo, kimanin santimita 1 a wata ko ƙasa da haka kaɗan, sa'an nan ya huta, ya faɗi, wani ya maye gurbinsa. Faɗuwar gashi 50 zuwa 100 a yini ba ciwo ba ce.

A cikin jini kuma akwai fararen ƙwayoyi waɗanda Allah Ya yi su dakarun jiki, aikinsu yaƙi da cuta in ta shigo. Saiwar gashi mai tsiro tana da wata kariya wadda ta ke ɓoye ta daga idon dakarun nan. To, ga mai ciwon yanyawa kariyar ce ta ke rushewa, sai dakarun su ɗauki saiwar baƙuwa ce, su taru su yi mata zobe kamar ƙudan zuma. Gashin ya raunana, ya karye ko ya tuge. Amma fa ba su kashe saiwar ba, tsayad da ita kawai suka yi, kamar yadda rani ya ke tsayad da ciyawa. Wannan shi ne mabuɗin fahimtar ciwon duka: muddin fatar ba ta ƙone ko ta yi tabon rauni ba, gashi yana iya komowa ko bayan shekaru.

Daga nan za a gane ba a ɗaukarsa ta aska ko mataji ko hula, ba ƙazanta ta ke kawo shi ba, ba kuma wani abinci ba. A waɗansu gidaje yana bin jini. Ya kan haɗu da ciwon asma, da ciwon nan mai sa fata ta yi fari dabbare-dabbare, da cututtukan halittar gaban wuya wadda kumburinta ya ke kawo maƙoƙo. Waɗansu kuma su kan ga ya fito bayan zazzaɓi mai tsanani ko tashin hankali. An same shi a cikin ko wane jinsin mutane. Wani ƙidaya da aka yi a gundumar Olmsted ta Jihar Minnesota a Amurka, daga 1990 zuwa 2009, ya nuna kimanin mutum 2 cikin 100 ne zai same su wani lokaci a rayuwarsu.

Mafi yawan masu shi tabo ɗaya ne ko biyu zuwa uku. Daga kashi ɗaya bisa uku zuwa rabinsu gashin ya kan komo da kansa cikin shekara guda, ya fara fitowa laushi-laushi, fari kamar furfura, sa'an nan ya yi baƙi. Sai dai ya kan sake dawowa. Kaɗan daga cikinsu kan ya ke zubewa duka, kaɗan kuma har gira da gashin ido da gemu da na sauran jiki. Wanda ya fara tun yana ƙaramin yaro, da wanda nasa ya bi gefen kai irin na maciji, da wanda ya daɗe ƙwarai, su ne nasu ya fi wuyar warkewa.

Yadda za a rarrabe shi da makero

Ba sai da kayan asibiti ba, mai lura yana iya kusantar gaskiya da ido da yatsa. Tabon makero yana da ɓarɓashi da guntayen gashi kamar karan gero bayan girbi, yana ƙaiƙayi, wani lokaci ya kumbura ya yi ruwa har kaluluwa ta fito a wuya. Yara ya fi kamawa, kuma in an bincika za a tarar waɗansu yaran gidan ko na makarantar suna da shi. Tabon ciwon yanyawa kuwa sumul ya ke kamar tafin hannu, launin fatar bai sāke ba, babu ɓawo. A bakinsa a kan ga waɗansu gajerun gashi masu kauri a sama, siriri a gindi. Farcen mai shi wani lokaci ya kan yi ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da tsinin allura. Ba kuwa za a ga ya bazu cikin abokan kwanansa ba.

Akwai kuma waɗansu cututtuka da ya kamata a tuna da su. Tunjere in ya yi nisa ya kan sa gashi ya zube tsalli-tsalli kamar cin asu. Kuturta ta kan zubad da gira, amma tana tare da tabo a jiki wanda ba ya jin taɓi. In kuwa fatar wurin ta yi ƙyalli ta tattare, ramukan gashi sun shafe, to, wannan wani ciwo ne dabam mai kashe saiwa, yana kuma bukatar likita da gaggawa. Inda aka yi shakka, likita ya kan kankare ɗan ɓawo ko ya tsige gashi a duba da madubi.

Amfanin wannan rarrabewa ga shi. Makero ƙwaya ce a cikin gashi, maganinta na sha ne, kamar girisiyofulbin, wanda aka fara ba mutane a 1958, a sha mako shida zuwa takwas, ko kuma tarbinafin. Shafe-shafe kaɗai ba ya kashe ta. Ciwon yanyawa kuwa babu ƙwayar da za a kashe, abin da a ke nema shi ne a kwantad da dakarun jiki, maganinsa na farko dangin sitiroyid ne. In aka ba mai ciwon yanyawa maganin makero, an yi asarar kuɗi da watanni. In aka shafa wa mai makero man sitiroyid, an ɗaure dakarun da su ke yaƙi da ƙwayar, sai ƙaiƙayi ya lafa kwana biyu ita kuwa ta ƙara yaɗuwa.

Magungunan gida

A ce yau ga magidanci a Kuki wanzami ya nuna masa irin wannan tabo. Abin da zai fara yi shi ne abin da maƙwabta suka gaya masa: a goga albasa ko tafarnuwa, a shafa man shanu ko man kaɗanya, a karɓo rubutu, ko wanzamin ya yi 'yar tsaga a wurin ya cusa magani. In ya shiga Dutsin-Ma ko Kurfi ran kasuwa, mai kemis ya ba shi man shafawa mai haɗe da magani biyu ko uku. Ko wanne daga cikin waɗannan yana da shaidu masu rantsuwa da shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: tun da gashin da yawa daga cikin masu ciwon da kansa ya ke komowa, maganin da aka yi na ƙarshe shi ya ke samun yabo.

Ba mu ce duk na gida banza ne ba. A 2002 likitoci biyu na ƙasar Iraƙi, Sharquie da Al-Obaidi, sun buga sakamakon wani gwaji: mutum 23 sun shafa ruwan ɗanyar albasa sau biyu a yini, 20 daga cikinsu gashi ya fito cikin mako shida, alhali cikin mutum 15 da suka shafa ruwan famfo biyu kaɗai suka ga canji. Gwajin ƙarami ne, bai isa a kafa hukunci a kansa ba, amma ya nuna albasa ba abin dariya ba ce, ba ta kuma da tsada. Abin gudu shi ne duk abin da zai ƙona fata ko ya yanke ta. Tafarnuwa in aka ɗaura ta ta kwana ta kan sale fata. Tsaga, da lalas da ƙarfe mai zafi, da toka mai kaifi, da ruwan batir, duk suna barin tabon rauni, inda kuwa tabon rauni ya zauna saiwa ta mutu ke nan har abada. Watau ciwon da kansa ya bar ƙofa a buɗe, sai magani ya zo ya rufe ta.

Maganin asibiti

Hanyar mutumin Kuki ita ce daga ƙaramin asibiti zuwa Babban Asibitin Dutsin-Ma, in abin ya fi ƙarfin nan a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, tafiyar kimanin kilomita 60 daga Dutsin-Ma, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya. Kada mutum ya yi mamaki in likita ya ce da mai ƙaramin tabo sabo a jira wata biyu ko uku tukuna, domin jira ma magani ne a nan.

Ga babba mai tabo kaɗan, abin da ya fi aiki shi ne allurar tirayamsinolon, a yi ta ɗigo-ɗigo a cikin fatar tabon kanta, bayan ko wane mako huɗu zuwa shida. Ga yara a kan fi ba da man sitiroyid mai ƙarfi na ƙayyadadden lokaci, wani sa'i a haɗa da minoksidil. Sitiroyid na sha yana fid da gashi, amma in an daina ya kan zube, daɗewa a kansa kuwa yana kawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi, don haka ba abin da mutum zai saya da kansa ba ne.

Ga wanda kansa ya zube duka, an daɗe babu abin dogara. A 2010 ƙungiyar Angela Christiano ta Jami'ar Kolambiya a birnin New York, wadda ita kanta ta yi fama da ciwon, ta gano sassan gado da su ke da hannu a cikinsa. A 2014 suka nuna cewa magungunan da su ke toshe wata hanyar saƙo ta dakarun jiki, wadda a ke kira JAK, suna komo da gashi. A watan Yuni na 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da barisitinib, mai sunan kasuwa Olumiant, a watan Yuni na 2023 kuma ta yarda da ritilesitinib, mai sunan Litfulo, ga 'yan shekara 12 zuwa sama, na uku ya biyo baya a 2024. A gwajin barisitinib, wanda aka yi da mutum 1,200 masu ciwon mai tsanani, sama da kashi ɗaya bisa uku na waɗanda suka sha babban awo gashi ya rufe kashi 80 cikin 100 na kansu bayan mako 36, waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki kuwa ba su kai 7 cikin 100 ba.

Wannan ci gaba ne babba, amma sai a faɗi sauran gaskiyar. Fiye da rabi ba su kai wannan matsayi ba a cikin wannan lokaci. In an daina sha gashin ya kan sake zubewa. Tsadarsu ta fi ƙarfin manomi nesa ba kusa ba. Sa'an nan tun da raunana dakarun jiki su ke yi, suna iya tayad da tarin fuka ko ciwon hanta da ya ke kwance, waɗannan kuwa cututtuka ne da su ke da yawa a ƙasarmu. Wajibi ne a auna mutum kafin a fara, a kuma riƙa duba jininsa.

Zama da ciwon

Ciwon yanyawa ba ya kisa, ba ya hana noma ko haihuwa. Zafinsa a zuciya ya ke. A wata fuska suturarmu ta yi wa mai shi rana, gama hula da rawani da kallabi da hijabi suna rufe kai ba tare da kowa ya tambaya ba. A wata fuskar kuma rufin nan ya kan sa a yi ta ɓoyo, budurwa ta daina zuwa wurin makitsiya, uwa ta yi ta fargabar abin da dangin miji za su ce, har a makara zuwa asibiti. Wanda girarsa ta zube ba shi da abin rufewa, sai a fara raɗe-raɗin kuturta, a janye masa ƙwarya. Yaro kuwa abokansa su laƙaba masa suna, wani har ya ƙi makaranta.

Neman magani ba rashin tawakkali ba ne. A cikin Buhari da Muslim akwai labarin mutum uku na Banu Isra'ila, ɗayansu mai rashin gashi, wanda ya roƙi gashi mai kyau aka kuwa ba shi, waɗansu malamai kuma da shi su ke kafa hujja cewa kawad da irin wannan aibi halal ne. Game da ƙarin gashi ga mace, hadisin Asma'u 'yar Abubakar ya zo da hani, a kan wata amarya ma da gashinta ya zube sabo da ciwo. Waɗansu malaman zamani sun sauƙaƙa ga wadda kanta ya zube duka, waɗansu ba su sauƙaƙa ba, sai ko wace ta tambayi malamin da ta amince da shi. Abin da ba shi da saɓani shi ne kiyaye kai daga rana, da kiyaye ido daga ƙurar hunturu ga wanda ya rasa gashin ido, da kuma gaya wa mai neman aure gaskiya tun da wuri.

Abin da ya rage ga malamai

Dutsin-Ma gari ne na horad da malamai, ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, ga kuma Jami'ar Tarayya wadda aka kafa a 2011. Ɗaliban da su ke fita daga nan su ne za su tsaya gaban yaran Kuki da Kurfi da safe suna duba kai da farce. In sun san alamun da muka zana, za su tura mai makero asibiti a ba shi maganin sha, su kuma gargaɗi iyaye game da aska da mataji na tarayya. Mai ciwon yanyawa kuwa za su bar shi a kan bencinsa, su gaya wa 'yan ajin ba a ɗauka, su yarje masa ya sa hula.

Ga masu nazarin harshe kuma shawara biyu. Ta farko, a bi wanzamai da makitsa na ƙasar Katsina a rubuta kalmomin da su ke kiran ko wane irin tabon kai da su, domin su ne suka fi kowa ganin kawunan mutane. Ta biyu, a tsayad da suna guda da za a sa a littattafan kiwon lafiya na makarantu. Ciwon yanyawa yana da asali a littattafan Larabci, malamai za su gane shi nan da nan. Sanƙon kwabo kuwa ya fi sauƙi a bakin talaka, yana kuma ɗauke da darasi biyu a cikinsa: siffar tabon, da cewa shi kamar sanƙo ba a ɗaukarsa. Ko wanne aka zaɓa, in dai wanzamin Kuki ya sami kalmar da zai ce wannan ba makero ba ne, kada a tsaga, kada a ƙona, to, an ceci saiwar gashin mutane da yawa. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, amin.